Birnin da Ke Ƙarƙashin Rijiyar Gwaggo Damaris

A ƙauyen Dutsen Kanya akwai wata rijiya mai gaba goma sha biyu a gidan wata tsohuwa da ake kira Gwaggo Damaris, a ƙarƙashin rijiyar nan kuwa akwai birni. Mutum ɗaya ne ya shiga ya fito, sunansa Irmiya, kuma bai taɓa ba da labarin yana kallon idon mai sauraro ba. Ni ma ba don in faranta wa kowa rai nake rubuta shi ba.

Irmiya mahaƙin rijiya ne, dattijo ne kuma a ikilisiya, yana cikin masu raba gurasa da ƙoƙo ranar Jibin Ubangiji. Abokin aikinsa Zakka ne, shekara goma sha tara suna tare. Masu wannan sana'a suna da doka guda da ba a tsallakewa. Kafin mutum ya shiga tsohuwar rijiya, sai an kunna fitila, an ɗaura ta a igiya, an saukar har ƙasa. In ta mutu, iskar ciki guba ce, ba mai shiga.

Ranar da aka kira su yasar rijiyar Gwaggo Damaris, Irmiya ya riga zuwa. Tsohuwar tana madafa tana dama musu kunu. Ya ɗauko fitila ya tarar babu kananzir, shi ne kuma ya manta bai zuba ba. Yana tsaye yana juya ta sai ga Zakka ya shigo, wasu mata uku masu son kallo na biye da shi.

"Yaya, ka saukar da fitilar?" in ji Zakka yana tuɓe riga.

Irmiya ya dubi matan. An san shi da gwaninta a ƙauyuka bakwai, bai so a ji ya yi mantuwar da ko sabon shiga ba zai yi ba.

Ya ce, "Na saukar."

Zakka ya kama igiya, ya ɗaga murya ya ce, "Gwaggo, ki sa tsamiya da yawa, kin san ni." Ya shiga. Gawarsa aka jawo.

Mutanen ƙauye suka yi tunaninsu irin na mutane. Dattijon ikilisiya ya ce ya saukar da fitila, ke nan iskar lafiya lau take. To, me ya kashe Zakka? Suka waiwaya ga mai rijiyar. Ba ta da ɗa, ta binne miji biyu, ga ruwan rijiyar ya janye ƙaf tun ranar. Aka ce mayya ce. Aka daina sayen daddawarta, aka daina amsa gaisuwarta. Dattawa suka zauna suka yanke cewa ranar Lahadi za a sanar da fitar da ita daga ikilisiya, ranar Litinin mai unguwa ya kore ta daga ƙauyen. Irmiya yana cikin zaman. Da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, ya ɗaga nasa.

Aka ba shi aikin cike rijiyar. Ranar Juma'a da rana tsaka ya je, ya ce bari ya fara ɗauko digar Zakka da ta rage a ciki, ya kai wa Liyatu, matar marigayin. Wannan karon ya saukar da fitila, ba ta mutu ba. Ya bi igiya har ƙasa, sai ya ga ƙofar dutse a jikin rijiyar, a buɗe. A bakinta wani halitta na zaune, siriri kamar kara, idanunsa ba su da fatar rufewa.

"Barka da zuwa, ya kai ɗan Adam mai nauyin ƙirji," in ji shi. "Kwana tara muna jin takunka a saman rufinmu."

"Wane ne kai?"

"Mai tsaron ƙofa. Ba na kiran kowa, ba na hana kowa."

"Ina hanyar nan ta nufa?"

"Birnin Ba-Laifi. Mutanensa ba sa mutuwa, ba sa jin kunya."

Irmiya ya san abin da ya kamata Kirista ya yi a nan. Igiya na lilo a bayansa, sunan Yesu na bakinsa. Amma maganar nan ta rashin kunya ta shige shi kamar ruwa a busasshiyar ƙasa, ya sunkuya ya shiga da ƙafarsa.

Ya yi tafiya cikin rami mai gangara har ya ɓullo bakin wani kogi. Babu rana a sama, amma ana gani. Ruwan kogin ba ƙarar ruwa yake yi ba, surutun mutane ne, tsofaffi da yara, ana rantsuwa ana gulma ana alkawari. A gaɓa wani kada mai farin gemu na riƙe da kwalekwale.

"Shigo, ya ɗan Adam. Wannan Kogin Magana ne. Duk abin da aka taɓa furtawa a bisa ƙasa nan yake gangarowa."

Suna tsakiyar ruwa sai wata baƙar tarwaɗa ta yi tsalle ta faɗo cikin kwalekwalen. Ta buɗe baki, muryar Irmiya ce ta fito: "Na saukar. Na saukar."

Kadan ya daina tuƙi. "Taka ce?"

Irmiya ya kau da kai. "Ban san ta ba."

"Madalla, ka biya haya," in ji kadan, ya shure ta cikin ruwa. "Masu cewa tawa ce ba na ɗaukarsu."

Daga nan ya ratsa wani fili na ƙaya inda tsuntsaye masu fuskar mutane ke binsa suna kallo ba sa cewa komai. Ya gwammace su yi ta zaginsa. Bayan filin sai kasuwa, rumfa bayan rumfa, duka na maɗinka ne, kowane na da yatsa shida a hannu. Suna ganinsa suka taso.

"Zo nan, dattijo. Ga rigar 'Kwanansa ne ya ƙare'. Kyauta ce, manya ma ita suke sawa."

"Rabu da shi, tasa tana yagewa a hammata," in ji na gaba. "Ga 'Shaiɗan ne ya ruɗe ni'. Don masu zuwa majami'a aka yanka ta, ba ta tsufa."

Wata tsohuwar aljana ta jawo shi ta ɗaura masa wandon "Ba ni kaɗai na ɗaga hannu ba". Komai ya zauna masa daidai kamar an gwada. A rumfar ƙarshe aka miƙo masa hula.

"Wannan fa?"

"Sunanta 'Ai shi ma da ya duba da kansa'."

Irmiya ya tuna Zakka bai taɓa duba maganarsa ba ko sau ɗaya a shekara goma sha tara, don ya ɗauke shi yaya. Duk da haka ya karɓa ya sa. Maɗinkan suka yi shewa, ɗaya ya ce, "Wallahi ta fi yi wa dattawa kyau."

Ganuwar birnin fara ce kamar gishiri. Da ya shiga ya ga tituna a share, gidaje a jere, mutane na kai da komo ba mai ture wani. Sai ya lura kowa na da igiya siririya a ƙeya, wasu a gwiwar hannu, wasu a leɓe, duka sun miƙe sama sun nufi tsakiyar gari. Ya tsayar da wani tsoho mai shara.

"Baba, tun yaushe kake nan?"

"An ce shekara ɗari huɗu."

"Kana jin daɗin zaman?"

"In an ja igiyar dariya ina dariya."

"Me ya kawo ka?"

"Ba ni na yi ba," in ji tsohon, ya ci gaba da shara a inda babu datti.

Gaba kaɗan wata mace na rungumar duk wanda ya wuce. Ta rungumi Irmiya, ya ji kamar an jingina masa itace. Ya ce, "Baiwar Allah, kin san ni?" Ta ce, "Ana jan hannuna." A wani dandali kuma taro guda na rera waƙar yabo, murya ta haɗu fiye da ta kowace ƙungiyar mawaƙa da ya taɓa ji, amma waƙar ba ta tashi. Tana fita daga baki take zubewa ƙasa kamar ƙaiƙayi, tsohon nan ya zo ya share.

A tsakiyar gari mai birnin na zaune a kan karaga. Girmansa ya kai rumbu uku, yatsunsa ba su ƙirguwa, kowane na naɗe da igiyoyi, kuma ba su daina motsi ba ko da yake magana.

"Ya kai Irmiya, mahaƙin rijiya, mai raba gurasa, na san abin da ya kawo ka. Ni ne Mai Igiya. Saurara. Wanda ya halicce ka ya sake ka a duniya da i da a'a a bakinka, kamar wanda ya ba jariri wuƙa. Ga abin da ka yi da su. Da ya ɗaure ka, da Zakka na raye. Ni na fi shi tausayi. Ba ni zaɓinka, in ɗaura maka igiya. Ba za ka ƙara yin laifi ba, domin ba kai za ka riƙa yin komai ba. Na baya ma zai goge daga ranka. Mutuwa kuma ba ta shigowa ganuwata."

Kada mai karatu ya yi zaton Irmiya ya tsaya gardama. Bai yi ba. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya miƙa ƙeyarsa.

Ya ce, "Ɗaura."

"Ba haka ake yi ba. Igiyata ba ta kama wuyan da bai ce 'Na yarda' da bakinsa ba. An kuma wajabta mini in amsa gaskiya ga duk wanda ya tambaya kafin ɗauri. Yawancinsu ba sa tambaya. Kai ma ba sai ka yi ba."

"Wa ya wajabta maka?"

Yatsun suka tsaya, duk birnin ya tsaya cak, sannan suka ci gaba. "Wanda ya yi ka. Bai ɗaure ka ba, bai kuma yarda wani ya ɗaure ka ba sai da yardarka."

Irmiya yana durƙushe yana kallon ƙasa. Ya ce, "In na zauna, me zai sami Gwaggo Damaris?"

"Ranar Litinin za ta ɗauki tukunyarta da tabarma. Labari zai riga ta zuwa kowane ƙauye. Ba za ta ga damina ba. Amma wannan ba zai dame ka ba, na yi maka alkawari."

"Zakka fa? Yana nan?"

"Ba ya nan." Mai Igiya ya yamutsa fuska. "Mutum ne mai saurin fushi, mai yawan surutu. Sau nawa na ce ya zama nawa. Kowane karo sai ya tashi da ƙafarsa ya koma gindin giciye ya ce shi ya yi. Yanzu yana wurin Wanda ya zaɓa. Can suna kiran abin rai madawwami."

"Ashe ba ɗaya ba ne da naka?"

"Ba ɗaya ba ne. Can sai an san ka. A kira ka da sunanka, a san abin da ka yi duka, a gafarta maka kana tsaye kana ji. Wa ke son wannan wahala? Nan ba wanda ya san kowa. Nawa ya fi sauƙi, kwana ne kawai ba ya ƙarewa."

"Ke nan ba zan ga Zakka in roƙe shi gafara ba."

"Mai igiya ba ya roƙon gafara. Ba shi da laifi. Ka gama? Faɗi kalmar."

Nan Irmiya ya ga abin da yake gudu ya riga shi zuwa. Ya ratso kogi da ƙaya don a sauke masa zaɓi, ga shi ƙofar ƙarshe ma zaɓi ce. In ya ce ya yarda, shi ya faɗa, ba Shaiɗan ba, ba ƙaddara ba, kamar yadda shi ya faɗi waccan a bakin rijiya. Ita ce kuma za ta zama maganarsa ta ƙarshe har abada, tsohuwa kuma ta mutu a hanya saboda ita. Kunya ta rufe shi har ya ji kunnuwansa na zafi. Sai ya gane wannan kunyar ita kaɗai ce abu mai rai a duk birnin.

Ya ce, "A'a." Muryar ba ta fi ta ɗan tsako ba.

"Ban ji ba."

"A'a. Ban yarda ba."

"To, koma," in ji Mai Igiya. "Za su tofa maka yawu, matar abokinka ba za ta sake kallonka ba, a ƙarshe kuma ka mutu."

Irmiya ya ce, "Na sani," ya tashi.

Komawa ta fi zuwa wuya. Yana fita ganuwa tufafin suka yi nauyi kamar an jiƙa su da laka, dole ya tuɓe su ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar kasuwa. Maɗinkan suka bi shi da ihu. "Ku zo ku ga dattijo da ɗan kamfai." Hular ce ta manne, sai da ta tafi da gashi. A bakin kogi tarwaɗar na jiransa a gaɓa, kadan ya ce, "Taka ce?"

"Tawa ce."

"To, ɗauki abarka ka shiga da ƙafa."

Ya rungume ta a ƙirji ya shiga. Ƙayarta ta soke shi, tana ta faɗin maganar a kunnensa. Ruwa ya kai ƙugu, ya kai wuya, ƙafarsa ta rabu da ƙasa. Ya ce, "Yesu, ni na yi. Ban cancanta ba, amma ka riƙe ni." Bai ga kowa ba. Tafin ƙafarsa dai ya taka dutse, sannan wani dutsen, har gaɓa. Da ya fito hannunsa ba komai, sai jini a ƙirji.

Mai tsaron ƙofa ya dube shi da idanun nan marasa ƙiftawa ya ce, "Ban taɓa buɗe wa mai fita ba. Ban ma san ta ina ake gaishe ku ba."

Irmiya ya kama igiya ya hau. Da ya leƙo waje sai ya ji ana buga ƙararrawar majami'a. Lahadi ce. Ya je gida ya sa riga, bai amsa tambayar kowa ba, ya nufi majami'a.

Ya tarar Fasto ya miƙe da takardar dattawa a hannu. Gwaggo Damaris na zaune ita kaɗai a bencin baya, inda ake ajiye waɗanda aka sa a horo. Liyatu na cikin mata, kanta a ƙasa. Irmiya ya wuce kujerarsa ta dattawa ya tsaya a gaban jama'a.

"Fasto, a dakata da takardar nan."

"Dattijo, in akwai magana a bari sai an tashi."

"Ba za ta jira ba." Ya juya ya fuskanci jama'a. "Ban saukar da fitila ba. Babu kananzir a ciki, ni na manta. Zakka ya tambaye ni na ce na saukar, don kada mata su yi mini dariya. Iskar rijiya ce ta kashe shi, ni na tura shi. Gwaggo Damaris ba ta san komai ba. Na zauna da ku na ɗaga hannu a kanta ina sane."

Wani dattijo ya yi ƙoƙarin taimakonsa ya ce, "Ɗan'uwa, aikin Shaiɗan ne, kowa..."

"A'a, Baba. Ni ne."

Liyatu ta tashi. Ta tako har gabansa, ta dube shi tun daga kai har ƙafa. "Yaya Irmiya, kai ka yi addu'a a bakin kabarinsa," ta ce. "Na ce amin." Ta juya ta fita, wasu mata suka bi ta. Fasto ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce Irmiya ya sauka daga dattijantaka, ya shiga horo, sauran magana kuma ta hukuma ce.

Irmiya ya bi tsakiyar majami'a zuwa baya. Ba wanda ya tofa masa yawu, amma kowa ya janye ƙafarsa daga hanya. Ya tsaya a gaban tsohuwar.

"Gwaggo, ki gafarta mini."

"Kwana goma sha ɗaya, Irmiya," in ji ta. "Ina fita ƙofar gida yara na gudu."

"Na sani, Gwaggo."

"Ba ka sani ba. Gafara kuma zan yi, don an umarce ni, amma ka ba ni lokaci, ni ba mala'ika ba ce. Zauna, kana tare mini haske."

Ya zauna. Fasto ya sauko da kansa, ya durƙusa ya roƙe ta a madadin ikilisiya, ya kama hannunta ya kai ta gaba. Aka fara Jibi. Irmiya ya ga tiren da ya saba ɗauka a hannun wani, ya bi benci benci, ya zo na kusa da shi, ya juya.

Ya amsa kiran hukuma, ya sha abin da ya sha. Liyatu ta shekara uku ba ta amsa gaisuwarsa, shi kuma bai daina gaishe ta ba, bai kuma daina nome mata gona ba ko da take aiko a ce ya bari. Kunyar ba ta rabu da shi ba har ya tsufa, kuma ban ga dalilin da zai sa in ce ta rabu ba. Wani ya taɓa tambayarsa ko bai yi nadamar barin garin da ba a mutuwa ba. Irmiya ya ce yana da maganar da zai faɗa wa Zakka, kuma hanya ɗaya ce take kaiwa inda yake.